Gayyar Gafiya a Wagini

A Wagini, in ka ce kana neman gidan Ɗanjummai sai an tambaye ka wanne, don kusan kowace unguwa tana da wanda aka haifa ran Juma'a. Amma ka ce Ɗanjummai mai gafiya, ko mai tallar nono da ta shigo garin yau za ta nuna maka: can ƙarshen gari, inda gonakin gyaɗa suka fara. Sunan ba ya damunsa. Abin da ke ba shi haushi shi ne, masu yi masa dariya a dandali su ne dai ke sallama a ƙofar gidansa da sassafe, suna lanƙwasa murya, wai gafiya ta huda musu rumbu.

Ba da gafiya ya fara ba. Gidansu gidan maharba ne tun kaka da kakanni, tun kafin su san inda alƙibla take. Kakansa ne ya fara salla a gidan, uban ya gaji sallar ya haɗa da kwari da baka, shi kuma Ɗanjummai ya tashi yana bin bayan uban zuwa dajin Rugu da bindigar toka da ta kusa finsa tsawo. Ya harbi gada, ya harbi barewa, ya taɓa shigowa gari da gwanki a kan jaki, abin da tsofaffi ke labari har yau. An san shi da abu guda: hannunsa yana riga tunaninsa. Abu ya motsa cikin ciyawa, kafin ya gane ko mene ne ya riga ya kwantar da shi. Da wannan hannun yake taƙama, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ƙarya yake yi.

Ya auro Iyatu daga Karare, mace gajera mai baki, wadda ƙuli-ƙulinta ya san hanyar kasuwar Batsari. Sun yi haihuwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yaran ba su tsaya ba. Da ta ƙarshen ta zo, ta yi rarrafe, ta miƙe, ta fara gudu a tsakar gida, sai kowa ya bar sunan yankan ya koma kiranta Godiya.

Sai daji ya canza masu shi. 'Yan bindiga suka zauna a ciki, shiga ta gagara. Ɗanjummai ya rataye bindigarsa, ya riƙe gero da gyaɗa a gonar da ke kusa da gari, yana noma kunnensa ɗaya a wajen daji. Amma hannun da ya saba ba ya zama haka nan. Kaɗan-kaɗan ya koma kan abin da ya rage, kurege a gonar gyaɗa, gafiya a ƙarƙashin rumbu da cikin tsohon suri. Maharbin gwanki ya koma haƙar rami. Da farko abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Daga baya gafiya ta shiga ransa. Zai zaunar da kai ya faɗa maka yadda take cika kumatunta da gyaɗa har kanta ya ninka, yadda take ware ɗakin kwana daban da ɗakin ajiya daban a cikin rami, yadda take barin wata ƙofa rufe da ƙasa don ranar gudu. Yana yabonta, yana kashe ta, Iyatu tana yi masa farfesu, bai taɓa ganin wani abin mamaki a cikin wannan ba.

Godiya kuwa boko ta kama. Iyatu ce ta tsaya kai da fata, daga firamare zuwa sakandare zuwa jami'a, har aka wayi gari 'yar mai gafiya tana aiki a ɗakin bincike na wata jami'a. Mutanen gari suka naɗa mata likita, ta gaji da gyara musu ta bari. Ranar da uban ya matsa mata ta faɗi ainihin aikin, ta ce fararen ɓeraye take ba abinci, ta wanke musu keji, ta auna nauyinsu, sai da ya yi dariya har ya kwanta a tabarma.

"Iyatu, zo ki ji," in ji shi. "Duk ƙulin nan da kika soya, ashe kiwon kusu aka tahi koyo. Ni ina nan ina kashewa, ɗiyata tana can tana yi masu shara."

Bana, ana fara cire gyaɗa, Godiya ta zo gida ba Salla ba, ba biki ba. Da aka gama gaisawa, aka tambayi hanya, aka tambayi aiki, aka sha ruwa, sai ta matso gefen tabarmar uban ta miƙa masa wayarta. Wani wuri ne baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, a cikinsa wasu abubuwa kore shar suna haske, kowanne ya miƙa siraran saiwoyi ko'ina.

"Wannan wane irin icce ne?"

"Ba icce ba ne, Baba. Cikin kan ɓera ne. Ƙwaƙwalwarsa ce."

Ya kawar da wayar daga fuskarsa, ya sake kawo ta kusa. Ya fasa kan ɓera da na gafiya ba adadi a rayuwarsa, bai taɓa ganin kore a ciki ba, ya kuma gaya mata haka.

Ta yi masa bayani a hankali. Ƙwaƙwalwa, ta ce, ba dunƙule ɗaya ba ce. Ƙananan ƙwayoyi ne birjik, iri-iri, kowane iri da aikinsa, wasu na jin wari, wasu na tsoro, wasu na tuna hanya. Kowace ƙwaya kuma tana ɗauke da abin da ta gado daga iyaye, shi ke gaya mata abin da za ta zama. To yanzu masana sun samu wani abu mai aiki irin na almakashi, ƙarami ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Da allura ake sa shi, ya je ya yanke wuri guda a cikin wannan gadon, ya cire ko ya dasa. Da shi suke sa iri ɗaya kaɗai na ƙwayoyin ya yi haske, sauran su zauna cikin duhu. Da shi kuma suke iya tsayar wa irin nan da aikinsa, su ga me dabbar za ta daina iyawa.

"Da can farin ɓera aka fi iya yi wa wannan," ta ce, "shi ya sa yawancin abin da aka sani daga kansa aka sani. Shi kuwa a keji aka haifi kakan kakansa, bai taɓa ɓoye abincin rani ba. Yanzu an gyara kayan aikin, ana fatan za su yi a kan danginsa na daji. Muna so mu haska ƙwaya iri ɗaya a kan farin ɓera, da ɓeran gona, da gafiya, mu ga ko aiki ɗaya take yi wa kowanne."

Ɗanjummai ya gyara zama.

"Tsaya. Kina nufin za ku leƙa cikin kan gahiya, ku ga inda take aje hanyar raminta?"

"Abin da muke so ke nan."

"Tana da rai?"

"Sai da rai, Baba. Matacciya ba ta tuna komai."

Ya miƙe tsaye, ya rasa abin da ya miƙe yi, ya koma ya zauna. Shekara da shekaru yana durƙushe a bakin rami yana tambayar kansa yadda wannan halitta ke zuwa gona mai nisa cikin duhu ta dawo ba ta ɓace ba, bai taɓa furta tambayar ba don kada a ce ya fara zarewa. Yau ga mutane masu digiri sun zauna suna wannan tambayar, kuma ɗiyarsa na cikinsu. Daɗi ya kama shi har ya manta furar da Iyatu ta ajiye masa.

A nan Godiya ta faɗi abin da ya kawo ta. Shugabar ɗakin binciken, Dokta Zuwairatu, ta so a cire gafiya daga aikin, don duk wanda suka tambaya matacciya yake kawowa. Godiya ce ta ɗaga hannu a taro, ita da ba ta saba magana a gaban manya ba, ta ce babanta zai iya. Dokta ta ce to, in an samu, ɓangaren gafiya nata ne, a kansa za ta yi digiri na biyu. In ba a samu ba, a bar maganar, ta ci gaba da wankin keji. Kamar goma ake so, maza da mata, lafiya lau, ba rauni. Ban da hayaƙi, ban da kare. Dokta da kanta za ta zo da mota ta ɗauka.

"Na riga na faɗa a gaban kowa, Baba."

"Goma?" in ji shi. "Ki ce masu su zo da babbar mota."

Tun kafin babur ɗin da ya ɗauke ta ya ɓace, labari ya fita. Ɗanjummai ya kai shi dandali, ya kai shi wajen mai shayi, ya kai shi kasuwar Batsari, inda ya je sayen gishiri ya dawo ba gishirin. Ya zana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a ƙasa da tsinke, ya yi almakashi da yatsu biyu. Labarin kuwa, irin na mutanenmu, yana tafiya yana ƙiba. Kafin ya isa Babban Duhu ta ƙasar Safana an riga an tabbatar Godiya za ta sa wa gafiya fitila a ka.

Sannan ya ɗauki dagi ya fita. Ramin farko bai ba shi wuya ba. Ya toshe ƙofar gudu, ya haƙa, gafiya ta yi fit ta fito, sai ga ta kwance. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Bai ce masa ya buga ba. Na biyu ma haka, na uku ma haka, sai dai a na ukun har ya yi wa kansa tsawa kafin dagin ya sauka, bai hana ba. Iyatu ta yi farfesu har ta gaji, ranar zuwan mota tana ta matsowa, durom ɗin ƙarfen da ya huhhuda ya shimfiɗa wa harawa yana nan wayam.

A Wagini, abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya gayya ake kira masa, noma ne, rufin ɗaki ne, yashe rijiya ne. Ɗanjummai ya ce gayya zai kira. In mutane suka kewaye rami da buhuna, shi kuma ya koma gefe da hannunsa, ina gafiya za ta bi?

"Malam," in ji Iyatu, tana tuƙa tuwo ba ta ko ɗago kai ba, "hannunka guda ya gagare ka, shi ne za ka tara na gari duka?"

Ya ce wannan maganar mata ce. Ya aika wa tsohon abokin farautarsa, Yusha'u na Babban Duhu, mutum mai yawan ibada wanda wuƙarsa ba ta rabuwa da ƙugunsa. Tun suna samari Yusha'u ke alfahari da cewa dabba ba ta taɓa yin mushe a gabansa ba, ko ta tsallaken rafi ce zai isa da bisimilla kafin ranta ya fita.

Ana gobe mota za ta zo aka yi gayyar, kuma Wagini ta daɗe ba ta ga irinta ba. Tun da daji ya rufe, maza ba su sake fita farauta tare ba, sai ga dalili ya samu. Aka fito da dagi da fartanya da buhuna. Aka fito da gora ma, kowa yana cewa ta dogarawa ce. Yusha'u ya iso da mutanensa uku-uku a kan babur. Mai ganga, da ba wanda ya gayyace shi, ya zo ya tsaya a gaba. Mata suka dama kunu a manyan tukwane. Ɗanjummai ya hau kan wani suri ya yi jawabi, muryarsa har rawa take don murna. Ya ce ban da hayaƙi, ban da kare, ban da duka. Ya ce ɗiyarsa da manyanta ƙwaƙwalwar gafiya suke son dubawa, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan, kuma daga Wagini za a fara. Kowa ya ce ya ji.

Aka rarrabu cikin gonaki, ba wanda ya yi nisa da gari. Shi kuwa ya zauna gindin tsamiya kusa da durom ɗinsa, ya harɗe hannuwa a ƙirji don kada su ja shi. Yana jin ganga, yana jin ihu daga gabas, ya ji daga arewa. Wani ya wuce da gudu zai ɗebo ruwa, Ɗanjummai ya tambaye shi, mutumin ya ce ana samu, ana samu sosai. Ɗanjummai ya ƙara harawa a durom, ya fara tunanin ko a aro na biyu. Har ya ga fuskar Godiya a ransa lokacin da za a ɗaga murfi.

Ga abin da ke faruwa a gonakin. Gafiyar farko da ta fito, gora huɗu suka sauka a kanta, kuma in za ka rantsar da masu su ba wanda ya yi niyya. Tana kwance tana shure-shure, Yusha'u ya zare wuƙa, don ba za a tsaya ana kallon nama yana zama mushe ba. Wasu an kama su da buhu yadda aka ce, aka ɗaure bakin buhun tam, aka ajiye a rana aka wuce rami na gaba. Da aka dawo aka kwance, an same su sun yi laushi, numfashi sama-sama, wuƙa ta sake fitowa. A nan Yusha'u ya tsai da jama'a ya yi musu nasiha. Ya ce su yi amfani da hankali: yarinya ƙwaƙwalwa take so, ƙwaƙwalwa kuwa a kai take. Daga yanzu kada wanda ya sake bugun kai, a nemi baya. Da ma a farautar garin, kan dabba rabon mai gayya ne, ga shi al'ada da ilimi sun haɗu wuri guda. Jama'a suka yaba da basirarsa, aiki ya ƙara sauri.

Rana ta take tsaka suka dawo da waƙa. Yusha'u na gaba, ya rungumo masaki rufe da faifai, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya durƙusa ya ajiye a gaban abokinsa.

"Ga amanar ɗiyarmu. Ban da ta hwarko, ko ɗaya ba a buga a kai ba, ni na tsaya a kansu."

Ɗanjummai ya ɗaga faifan. Kawuna ne, an wanke su tas, an jera su da kyau, kunnuwa duk suna kallon sama. Sun fi abin da aka nema nesa ba kusa ba. Ya daɗe riƙe da faifan.

"Yusha'u, da rai na ce."

"Da rai muka same su. Ba mushe ko ɗaya a ciki, ka tambayi kowa."

Mai gayya ba ya faɗa. Mutane sun bar aikinsu, sun sha rana dominka, ko sun nome maka gero sun bar ciyawa godiya za ka yi. Ɗanjummai ya miƙe ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sannu da aiki, Allah ya bar zumunci, Allah ya saka da alheri. Aka sha kunu, aka hura wuta, aka gasa nama, ƙamshi ya cika unguwa. Kowa ya ce bai taɓa ganin gayya mai albarka irin wannan ba.

Da yamma Iyatu ta ajiye masa tuwo ta ce ya ci, ba ta ƙara komai ba, shi kuwa ya fi son ta yi masa gori ya huta. Ya ɗauki wayarsa zai kira Godiya, ya ajiye. Me zai ce mata? Kunya ce ta rufe shi, da tsoro irin wanda bai ji ba ko a gaban dabbar daji. Yarinyar nan ta tashi a gaban manyanta ta jingina da sunansa, gobe za ta shigo da su ya nuna musu durom da harawa.

Gari na wayewa ya fita shi kaɗai. Akwai wani tsohon suri bayan gonarsa da 'yan gayya ba su kai ba. Ya ga sabuwar ƙasa a bakin ramin, ya nemo ƙofar gudu ya danne da dutse, ya fara haƙa. Da ya ji gurnanin gafiyar kusa, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya wulla dagin can cikin karan dawa, inda ko ya so ba zai kai gare shi ba. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe a hannu, ya ci gaba da tonawa da yatsu.

Ta fito kamar an harbo ta. Ya faɗa mata da rigar, da ƙirji, da komai. Ya kama wuyanta ta cikin yadin, ta murɗe ta kafa masa haƙora tsakanin babban yatsa da manuni, ta riƙe. Mai haƙoran da ke huda rumbu ba ta wasa da nama. Zafi ya tafi har kafaɗa. Hannun ya nemi ya matse, matsa ɗaya ta isa, ya san wurin, ya yi ta ba adadi. Ya cije leɓe ya sassauta yatsun da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ya bar mata daidai abin da ba za ta kuɓuce ba.

"Ciji, baiwar Allah," yake ce mata, gumi yana zuba. "Ciji, kina da gaskiya. Ki dai yi numfashi."

Haka ya taho da ita gida, ba riga, jini yana ɗiga ta gwiwar hannu. Sai da ya zura ta cikin durom ta ji harawa sannan ta sake shi. Mace ce, ƙatuwa, rabin wutsiyarta fari fat. Ta zagaya sau biyu, ta tarar da gyaɗa, ta hau cusawa a kumatu. Ɗanjummai ya zauna a ƙasa yana dariya, Iyatu tana ɗaure masa hannu da tsumma tana faɗa.

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida, Godiya ta fito tare da shugabarta. Dokta Zuwairatu doguwar mace ce mai tabarau. Ta durƙusa ta gaida Ɗanjummai da Baba, ta gaida Iyatu, aka tambayi hanya, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali da mutanen birni. Duk tsawon gaisuwar nan idon Godiya yana kan durom, idon uban yana ƙasa, hannun kuma yana ɓoye cikin babbar riga. Da aka ɗaga murfi Dokta ta leƙa, fuskarta ta washe.

"Kai, Baba, ban taɓa ganin mai lafiya irin wannan ba. Dubi gashinta. Sauran suna ina?"

Iyatu ce ta amsa.

"Sauran, Hajiya, Wagini ta cinye su jiya, da taimakon Babban Duhu."

Yusha'u, da ya kwana a garin don a yi masa godiya a gaban baƙi, ya matso ya yi bayanin kawunan dalla-dalla, har ya ce in ana so a ɗauko masakin. Dokta ta cire tabarau, dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye. Da ta juya ta ga fuskar Godiya sai ta daina.

"Ɗaya ba za ta yi ba," ta ce a hankali. "Ba a kwatanta komai da ɗaya. Mu ma da laifinmu, da mun aiko da tarkunan tun farko." Ta sa direba ya sauke wasu akwatuna na waya, masu ƙofa da ke rufe kanta in dabba ta shiga ta taɓa abinci. "Da waɗannan ba a buƙatar hannu. Amma sai an san inda za a ajiye su, kuma sai da mai kula da abin da ya shiga, inuwa, ruwa, kowace a kejinta. Ba ni da wanda zan bari a nan. Hanyar nan kuma ba zan sake sa direba a kanta ba sai na tabbata. Dole mu juya kafin azahar."

Ɗanjummai ya miƙa hannu zai taɓa ƙofar tarkon, ya manta, tsumman ya fito fili, jini ya ɓullo ta ciki. Dokta ta kama hannun ba ta nemi izini ba, ta kwance, ta sa aka kawo ruwa da sabulu ta wanke, ta ce yau ɗin nan a kai shi asibiti a Batsari a yi masa allura, cizon dabbar daji ba abin wasa ba ne. Ta tambayi yadda aka yi. Iyatu ta faɗa. Godiya tana tsaye tana kallon ramukan haƙoran.

Can ta juya ta nufi mota. Uban ya ɗauka shiga za ta yi, zuciyarsa ta yanke. Sai ta fito da 'yar jakarta ta hannu ta rufe ƙofar.

"Dokta, ku bar mani tarkunan da kejin. Zan zauna."

"Ko kayan sawa ba ki zo da su ba."

"Zanen Inna zai ishe ni."

"Daga hutunki za a cire."

"Na sani."

Dokta ta dube ta, ta dubi tsohon, ta mai da tabaranta. Ta ce to, sai ta ji daga gare ta, ranar da suka cika a kira ta. Aka juye gafiyar cikin keji aka sa a bayan mota aka rufa mata zane. Ɗanjummai ya bi ta har bakin ƙofa yana gaya wa direba kada ya yi gudu a gargada, a kuma ba ta gyaɗa da ɓawonta, ta fi son ta ɓare da kanta.

Yusha'u ne ya kai shi Batsari a babur, duk hanya yana bayanin cewa shi dai har yanzu bai ga inda kawunan suka gaza ba. Da la'asar aka ɗora tarkuna a kan jaki. Godiya ta ɗaura zanen uwar, wanda bai kai mata idon sawu ba, ta kama igiyar jakin, uban yana gefe da hannu naɗe cikin farin bandeji. Suka bi ta cikin gonakin da aka cire wa gyaɗa. Rabonsa da takawa zuwa gona tare da ita tun kafin ta tafi sakandare, bai san yana kewar abin ba sai yanzu.

"Na ba ki kunya gaban mutane," in ji shi daga ƙarshe, bai dube ta ba.

Ta tsai da jakin, ta sauke tarko ɗaya, ta durƙusa tana ɗaura gyaɗa a ciki.

"Baba, na ga hannun," ta ce. "Gaya mani inda zan aje wannan."

Ya nuna mata wurin da haɓa, don hannun ba ya ɗaguwa.